Gayya a Kan Turbar Alfadarai

Ranar 20 ga watan Maris na shekara ta 1954, da sanyin safiya, wani alƙali na Kotun Ƙoli ta Amurka ya ɗaura takalman tafiya, ya tsaya a bakin wata matacciyar hanyar ruwa kusa da garin Cumberland, a jihar Maryland. Sunansa William O. Douglas, shekarunsa 55. Mutum 58 ne suka taru domin tafiyar. Abin da ke gabansu kuwa shi ne su taka da ƙafa har birnin Washinton, wajen kilomita 300, a kan wata turba da ciyawa da sarƙaƙiya suka cinye. Duk wannan wahala saboda gardama ce a kan hanyar mota.

Kafin a gane gardamar sai an san turbar. Wannan hanyar ruwa haƙa ta aka yi da hannu, irin wadda Turawa ke kira kanal, sunanta kuwa Chesapeake da Ohio. Ta bi gefen Kogin Potomac daga Georgetown, wata tsohuwar unguwa ta Washinton, har Cumberland a gindin duwatsu. Shugaban ƙasa John Quincy Adams ne ya sari ƙasar farko ranar 4 ga Yuli 1828. Shebur ɗinsa ya ci karo da saiwa, ya sake sara bai shiga ba, sai ya tuɓe kwat ya duƙufa, taro ya ɗauki sowa. A wannan rana ɗaya, a birnin Baltimore, aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa wadda ita ma ta nufi yamma. Ba wanda ya san cewa a ranar haihuwar kanal ɗin aka haifi abin da zai kashe shi.

Aikin ya ci shekara 22. Mahaƙan yawancinsu baƙi ne matalauta daga Ailan da Jamus da Ingila, akwai kuma bayi da iyayengijinsu suka ba da haya. Cutar kwalara ta faɗa musu a 1832 ta kashe da yawa, aka binne su a gefen aikin. Sun gina matakalan ruwa 74, wato ɗakunan dutse masu ƙofa gaba da baya: jirgi ya shiga, a rufe, a cika ruwa, ya tashi sama kamar tsawon mutum da rabi, sa'an nan a buɗe masa ya wuce. Da haka jirgi yakan hau tudu na mita 184 tsakanin bakin teku da duwatsu. Sun gina gadoji 11 waɗanda ke ɗauke da ruwan kanal ɗin kansa a bisa rafuffuka. A wurin da ake kira Paw Paw suka huda dutse mita 950, aikin da aka zaci zai ƙare cikin shekara 2 amma ya ci 14. Sa'ad da ruwa ya kai Cumberland a 1850, jirgin ƙasa ya riga ya yi shekara 8 yana shiga garin.

Duk da haka kanal ɗin ya ci kasuwarsa, musamman a shekarun 1870, lokacin da ɗaruruwan jirage ke saukar da gawayin ƙasa zuwa Georgetown. Alfadarai ne ke jan su da doguwar igiya daga turbar da ke gefen ruwa. Iyali guda kan zauna cikin jirgi, uba a kan matuƙi, uwa a ɗan madafi, yara kuwa su ne masu korar alfadarai, tafiyar kusan mako guda. Har yau akwai wata 'yar majami'a ta dutse a Georgetown, ana kiranta Grace, wadda aka fara domin masu jiragen nan da ma'aikatan bakin ruwa, gama manyan majami'un unguwar ba wurin mai warin alfadari ba ne. Ambaliyar 1889 ta karya kamfanin, ya faɗa hannun abokin gasarsa na jirgin ƙasa. Ta 1924 ta rufe aikin ɗungum. A 1938 gwamnatin Amurka ta sayi kangon a kan dala miliyan 2, ta sa samari baƙaƙen fata na wani shirin ba da aikin yi suka gyara kilomita 35 na farko. Ruwan 1942 ya zo ya lalata abin da suka gyara.

To, me za a yi da siririn fili mai tsawon kilomita 297, wanda kogi ke hawa duk sa'ad da ya ga dama? Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hukuma ta ce a shimfiɗa hanyar mota a kai, mutanen birni su riƙa fita shan iska, garuruwan sama kuma su sami baƙi. A farkon Janairu 1954 jaridar Washington Post ta rubuta cewa shawarar ta yi kyau. Douglas, wanda ya saba yawo a turbar ran hutu, ya aika musu da wasiƙa, suka buga ta ranar 19 ga watan. Bai kawo musu doka ko lissafi ba. Ya ce wurin mafaka ne mai shiru a bayan gidan babban birni, kwalta kuwa za ta kashe shirun. Ya ce wanda ya rubuta sharhin ya ɗauki hutu su taka turbar tare daga farko har ƙarshe, in ya ga abin da ke can da idonsa ya sake magana. Gani ya kori ji.

Editocin biyu, Merlo Pusey da Robert Estabrook, suka amsa. Da labari ya bazu sai masu son shiga suka yi yawa: masanan tsuntsaye, masanan duwatsu, 'yan jarida, da dattawan ƙungiyoyin kare daji irin su Olaus Murie da Sigurd Olson. Wata ƙungiyar masu hawan dutse ta yankin ta ɗauki nauyin dafa abinci da jigilar kaya. Douglas ba mai sauƙin hali ba ne, waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun shaida haka, a kan hanya ma bai jira kowa ba. Mutumin da doki ya danne shi a 1949 ya karya masa haƙarƙari 23, shi ne a gaba, yana cin wajen kilomita 37 a yini. Rana ta biyu ƙanƙara ta sauko musu. Ƙafafu suka yi bororo, wasu suka hau mota, wasu suka koma gida. Ranar 27 ga Maris suka shiga Washinton, taro mai yawa yana jiransu. Mutum 9 ne kaɗai suka taka turbar duka, cikinsu har da Murie mai shekara 65. Editocin ba sa cikin taran, amma sun taka abin da ya ishe su. Bayan 'yan kwanaki jaridar ta sassauta, ta ce a bar turbar, a nemi wa mota wata hanya.

Yawancin masu ba da labarin a nan suke tsayawa, gama yana da daɗin ji: babban mutum ya yi tafiyar kwana 8 ya ceci daji. Amma tafiyar ba ta kafa doka ko ɗaya ba. Shekara 17 aka ƙara kafin wurin ya sami cikakkiyar kariya, waɗanda suka ɗauki nauyin shekarun nan kuwa ba alƙalai ba ne. Kafin matafiyan su watse sun kafa kwamiti, wanda daga baya ya zama ƙungiya mai suna C&O Canal Association. Kowace shekara sukan sake haɗuwa su taka wani sashe na turbar, su gayyaci 'yan jarida da 'yan majalisa, don kada maganar ta mutu. Sau da sau aka kai shirin dokar majalisa, sau da sau ya faɗi. Ana cikin haka injiniyoyin soja suka zo da shawarar datse Kogin Potomac, abin da zai nutsar da dogon sashe na kanal ɗin ƙarƙashin tafki. Shugaba Eisenhower ya ba wurin wata 'yar kariya a Janairu 1961, kwana biyu kafin ya sauka. Sai ranar 8 ga Janairu 1971 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta mai da shi gandun tarihi na ƙasa.

Ya kamata a yi wa waɗanda suka yi hamayya adalci. Mutanen garuruwan sama, irin su Hancock da Cumberland, ba maƙiyan tsuntsaye ba ne. Kanal ya mutu ya bar su, aikin gawayi da na masana'anta yana ja da baya, suna ganin hanyar mota ce za ta kawo musu masu sayen abinci da masu kwana. Sai ga waɗansu masu albashi daga babban birni sun zo suna ce musu shiru ya fi. Wanda tukunyarsa ke kan wuta ne ke iya yabon shiru. Bayan 1971 kuma gwamnati ta sayi filaye da yawa a bakin kogi domin faɗaɗa gandun, iyalai da suka yi shekaru suna da 'yan bukkokin kamun kifi a wurin suka rasa su. Wannan ciwo bai warke da wuri ba. Masu son turbar sun ci gardama, amma sun ci ta da bashi a wuyansu: sai sun nuna cewa hanyar ƙafa ma tana iya ciyar da gari.

Abin da ya fi kyau cikin dukan ayyukan ƙungiyar shi ne wanda ya fi ƙanƙanta. Tun wajen 1960 suka yanka turbar kashi-kashi, yau kashi 69 ne, kowane 'yan kilomitoci. Mutum ko iyali sukan karɓi kashi guda, kamar yadda ake yanka wa kowa kunyarsa a gonar gayya. Ba a biyansu ko anini. Mai rabo yakan zo da buhu da safar hannu da ɗan littafi, ya taka rabonsa daga wannan kai zuwa wancan. Ya tsince kwalabe da robobi da tayoyin da kogi ya kawo. Ya sauka ƙasa ya leƙa kwalbatocin dutse da ke ƙarƙashin kanal ɗin, waɗanda mai wucewa a keke bai ma san da su ba, ya ga ko itace ya toshe bakinsu. Ya duba ko wani dutse ya goce daga bangon matakala, ko rami ya buɗe a turba, ko famfon ruwa na masu kwana a hanya yana aiki. Ya rubuta mutum nawa ya gamu da su, da irin tsuntsaye da furannin da ya gani. Sa'an nan ya aika da rahoto, ƙungiya ta miƙa wa hukumar gandun.

Ga mai kallo wannan wasa ne na tsofaffi masu fansho. Amma kwalbatocin nan sun fi 150, an gina su kafin 1850, kuma in guda ta toshe, ruwan rafi yakan taru a bayanta har ya fasa turbar ya yanke hanya. Ma'aikatan gwamnati ba su da yawan da za su leƙa kowace. Wanda ya yi shekara 10 yana taka kilomita 4 ɗin nan ya san su kamar tsakar gidansa, ya san tsagar da ba ta nan bara. Irin wannan sani ba a sayensa da kwangila. Yana kuma da rauni guda: in mai rabo ya tsufa ko ya ƙaura, sanin yakan tafi da shi, sai abin da ya bari a rubuce.

Kogin kuwa bai taɓa sa hannu a wata doka ba. Shekara guda da rabi bayan bikin 1971, guguwar Agnes ta Yuni 1972 ta kawo ruwan da ya yayyanka turbar, ya kwashe gadoji, aka yi shekaru ana gyara. A Oktoba 1973 gadar ruwa ta rafin Catoctin, wadda ta daɗe da lanƙwasa, ta rufta. Babbar gadar Monocacy, mai baka 7 da tsawon mita 157, sai da aka ɗaure ta da ƙarafa kamar karyayyar ƙafa, ta zauna haka shekara wajen 30.

Shekara ta 1996 ce ta gwada mutane sosai. A farkon Janairu ƙanƙara mai yawa ta rufe yankin. Bayan kwana goma sha sai iska ta yi ɗumi, ruwan sama ya sauka a kan ƙanƙarar, ta narke gaba ɗaya, Potomac ya tashi ya rufe wajen kashi 80 cikin 100 na gandun. Da ruwa ya janye sai ga laka da itatuwa da tarkacen gidaje, turba ta tsattsage. Dubban mutane suka ba da sunansu domin aiki. 'Yan makaranta, ƙungiyoyin masu keke, ma'aikatan ofis ran Asabar, kowa da shebur da baro. Yara suka tara kuɗi, kamfanoni suka ba da motoci da tsakuwa, majalisa ta ware kuɗin gaggawa. A watan Afrilu Shugaba Clinton da mataimakinsa Gore suka zo Great Falls suka ɗauki itace a gaban masu hoto. Jaridar da ta taɓa neman a zuba kwalta a wurin tana cikin masu kiran jama'a su taimaka. Kafin ƙarshen bazara an sake buɗe yawancin turbar.

A watan Satumba na wannan shekara guguwar Fran ta zo, kogi ya sake hawa, ya kwashe da yawa daga abin da aka gyara.

A nan ne ake sanin gayya ta gaskiya. Gayyar farko tana da kiɗa, tana da shugaban ƙasa da masu hoto. Ta biyu ba ta da ko ɗaya, sai laka iri ɗaya a wuri ɗaya, da tambayar da kowa ke yi a zuci: anya ba zuba ruwa a rariya ake yi ba? Akwai masu hankali da suka ce a daina kashe kuɗin jama'a a kan abin da aka gina a cikin hanyar kogi, maganarsu kuwa tana da ƙafa. Waɗanda suka koma ba su musa cewa ruwa zai dawo ba. Sun dai sake yadda suke aiki. Aka fara gyara da sanin cewa za a sake nutsewa: a bar wa ruwa mafita, a ƙarfafa wuraren da ya saba fasawa, a kwashe abin da ke kwasuwa in an ji kogi na tasowa. Wani sashe da ake kira Big Slackwater, inda turbar ke manne da gindin dutse a bakin kogi, ya zauna a rufe tun daga 1996, masu keke suna zagayawa ta wata siririyar hanyar mota mai hatsari, har sai 2012 da aka buɗe shi da sabon gini na kankare.

Sauran raunukan ma a hankali suka warke, kowanne da 'yan mutanen da suka ɗauke shi kamar nasu. Ƙungiyar ta yi shekaru tana tara kuɗi tana matsa wa majalisa a kan gadar Monocacy, har aka kwance mata ƙarafan aka sake buɗe ta a 2005. Ta Catoctin kuwa, duwatsunta na asali aka tsamo, aka auna kowanne aka gano mazauninsa, mutane suka riƙa biyan kuɗin dutse ɗai-ɗai, aka sake tsai da ita a 2011, shekara 38 bayan faɗuwarta. A 2019 aka mai da ruwa a kan gadar Conococheague a garin Williamsport, wadda bangonta ya fashe a 1920 ya zubar da jirgi cikin rafi.

Saura bashin garuruwan sama. A 2007 aka kafa wata sabuwar ƙungiya, C&O Canal Trust, domin tara kuɗi da shirya masu aikin sa kai. Ita ce ta gyara 7 daga cikin tsofaffin gidajen masu tsaron matakala, ta sa musu kayan ɗaki irin na dā, baƙo ya biya ya kwana. Masu share su da duba su bayan kowane baƙo maƙwabta ne da ba a biya. Garuruwa wajen 10 na bakin turbar, irin su Brunswick da Harpers Ferry da Shepherdstown da Williamsport da Hancock, suka haɗa kai suna buga taswira, suna kafa alamun da ke nuna wa mai keke inda zai sami abinci da makwanci da mai gyaran taya. Babban canjin ya zo a 2013, sa'ad da aka gama wata hanyar keke ta kilomita 240 a kan tsohuwar hanyar jirgin ƙasa daga Cumberland zuwa Pittsburgh. Yanzu mutum yana iya tafiya wajen kilomita 540 daga Pittsburgh har Washinton kusan ba tare da ya yi gogayya da mota ba, mutane kuma suna zuwa daga ƙasashe masu nisa domin haka. Miliyoyin baƙi ne ke shiga gandun kowace shekara, ko da yake yawancinsu a kusa da Washinton suke tsayawa. Keke bai mai da masana'antun da suka rufe a Cumberland ba, mai cewa ya mayar yana ƙari. Amma a Hancock, garin da ya so kwalta a 1954, akwai masu shago da masu masauki da ke jiran lokacin masu keke kamar yadda manomi ke jiran kaka.

Douglas ya ga farkon wannan kaɗai. Ya bar kotu a 1975 bayan shanyewar jiki, ya yi shekara 36 a kujerar. A 1977 aka keɓe gandun domin tunawa da shi, aka kafa siffar kansa ta tagulla a bakin ruwa a Georgetown. A keken guragu aka kawo shi bikin. Ya rasu ranar 19 ga Janairu 1980, shekara 26 cif bayan ranar da aka buga wasiƙarsa. 'Yan ƙungiyar sun sake taka turbar duka a 1974, suka maimaita a 2004 domin cikar shekara 50, amma su a mako biyu suke yi, ba a kwana 8 ba.

A Mayu 2018 ruwan sama mai ƙarfi ya fasa wata kwalbati kusa da Brunswick, turba ta yanke, aka yi wa matafiya ƙetare na wucin gadi. Wannan wuri ma yana cikin rabon wani. Kamar kowane rabo cikin 69 ɗin, akwai mai zuwa da buhu da ɗan littafi, ya sauka gangaren, ya leƙa ƙarƙashin duwatsun, ya rubuta kwanan wata da abin da ya tarar.